Kwabo 46 a Kowace Naira: Yadda Wani Kamfanin Shinkafa a Kano Ya Tsallake Gwanjo

Kamfanin gyaran shinkafa ne ƙarami, a yankin Kura kan hanyar Kano zuwa Zariya. An sakaya sunansa da na mai shi da na bankin da ya ba shi rance, an kuma dunƙule alƙaluman kuɗi zuwa miliyan mafi kusa.

Asalin kamfanin, 2017 zuwa 2021

Mai kamfanin, wanda za mu kira Alhaji, ɗan kasuwar hatsi ne da ya daɗe a Dawanau kafin ya shiga harkar inji. Lokacin da ya shiga, kowa shinkafa yake kallo. Tun 2015 Babban Bankin Najeriya ya daina ba masu shigo da shinkafa dala a farashin hukuma, a watan Nuwamban shekarar kuma aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Kebbi. Ga noman rani na ruwan Tiga a bakin ƙofa. A 2017 ya yi wa kamfanin rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin kamfani mai hannun jari, shi da ƙaninsa ne daraktoci. Wani akanta ne ya ba shi wannan shawara, ya bi ba tare da ya damu da bambancinta da rajistar sunan kasuwanci ba. Sai bayan shekara bakwai wannan takarda ta yi masa rana.

Injin farko yana gyara tan 20 a yini. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, shinkafa 'yar gida ta yi tsada, ana biyan kuɗi tun kaya ba su fito daga inji ba. Ma'aikata suka kai 34.

A 2021 ya karɓi rancen Naira miliyan 180 daga wani bankin kasuwanci, na shekara huɗu, ya ƙara layi na biyu da tukunyar turara shinkafa da injin tsince tsakuwa da baƙin ƙwaya. Ya kuma buɗe wata ƙofar rance ta miliyan 60 ta sayen shanshera lokacin kaka. Filin kamfanin da injuna ne jingina. Banki ya nemi ƙari, sai ya sa hannu ya tsaya wa bashin da kansa, ya ajiye takardar gidan da iyalinsa ke ciki. Kuɗin ruwa kashi 18 ne a lokacin, amma akwai sharaɗi a takardar cewa zai riƙa bin farashin kuɗin ruwa na Babban Banki, wanda yake kashi 11.5 a shekarar.

Inda ɓaraka ta faro, 2023

Ƙarancin takardun kuɗi na Janairu da Fabrairun 2023 ne ya fara taɓa shi. Manomi a ƙauye tsaba yake so a hannu, ba ya sayar da shanshera da tiransifa. Kamfanin ya yi makonni bai cika sito ba, kuma lokacin ne ya kamata a tara kayan da za a ci shekara da su. Da kuɗi suka dawo hannun mutane bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Maris, kaya sun riga sun koma hannun masu ajiya.

Sai aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, kuɗin dako ya tashi. A tsakiyar Yuni aka saki Naira, dalar da take kusan Naira 460 a hukumance ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Kayan gyaran injunan duk daga waje suke zuwa. Dizal ya haura Naira 1,000 lita.

Abin da ya fi illa shi ne tsadar shanshera. Shinkafar da aka gyara ita ma ta yi tsada, don haka a ido kamar ana cin riba. Sai dai miliyan 60 ɗin da a da take cika sito yanzu rabinsa take kawowa. Inji mai layi biyu ya koma aikin kwana goma sha biyu a wata, albashi da kuɗin banki kuwa ba su san an yi hutu ba.

Dabarun farko, Oktoban 2023 zuwa Maris 2024

Ya fara da abin da kowane ɗan kasuwa zai fara da shi: sunansa. Dillalan shanshera 11 da suka san shi tun Dawanau suka riƙa sauke masa kaya bashi, a biya bayan mako uku. 'Yan sari kuma ya riƙa karɓar kuɗinsu tun kafin a gyara kaya. Kuɗin ɗan sari na yau shi ake ba dillalin makon jiya. Tsarin ya tafi wata huɗu, muddin sabon kuɗi na shigowa.

A Disamba ya sayar da motarsa da wata gona ta gado, ya biya banki bashin wata biyu. A Janairu ya karɓi miliyan 30 daga wani mai ba da rance a bayan fage, kashi 8 duk wata, ya ba shi cak mai kwanan watan gaba. Bai gaya wa ƙaninsa ba.

A Fabrairu Babban Banki ya ɗaga farashinsa daga kashi 18.75 zuwa 22.75, a Maris ya kai 24.75. Ruwan bashin kamfanin ya tasam ma kashi 30. Cak ɗin mai rance ya dawo babu kuɗi, shi kuma ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Kotuna sun sha faɗa cewa karɓo bashi ba aikin ɗan sanda ba ne, amma ba da cak babu kuɗi laifi ne a dokar 1977, don haka Alhajin ya yini a ofis har sai da aka yi belinsa. Kafin la'asar labari ya kai Dawanau.

Manyan kasuwa suka shiga tsakani, aka zauna sau biyu. Aka yi nasiha, aka kawo ayar Suratul Baƙara da ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, dillalai suka yarda su jira wata uku. Amma banki bai zo zaman ba, mai rance ma bai zo ba, kuma babu abin da aka rubuta. Mako biyu bayan nan wani dillali ya ji an biya wani a ɓoye, sai ya zo da tirela ya tare ƙofar kamfanin. Sulhun ya watse.

Lissafin Afrilun 2024

Ranar 3 ga Afrilu aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga ƙasa da Naira 70 zuwa 225 kowane ma'auni, kuma layin kamfanin yana cikin rukunin. A makon ne banki ya aiko takardar neman kuɗinsa gaba ɗaya, tare da gargaɗin naɗa wanda zai karɓi kadarorin jingina.

Ƙanin Alhajin ne ya kawo wani lauya, lauyan ya haɗa su da ƙwararren mai ceto kamfanoni, ɗan BRIPAN, ƙungiyar masu wannan sana'a, mai izinin CAC. Abu na farko da mutumin ya nema shi ne littattafan lissafi. Aka kawo masa littafin magatakarda, da takardun banki, da wayar Alhaji mai cike da saƙonnin WhatsApp. Rabin bashin dillalai a ka yake. Akanta ya yi mako biyar yana harhaɗawa.

Ga abin da ya fito. Banki miliyan 215, har da tara. Dillalan shanshera 96. 'Yan sarin da suka biya ba su karɓi kaya ba 38. Mai rance 30. Masu buhu da dizal da kayan gyara 17. Albashin wata uku 7. Haraji da kuɗin fansho da aka cire ba a kai ba 9. Jimla miliyan 412. Alhajin da kansa ya ɗauka bai wuce 300 ba.

Mai ƙiyasin kadara ya ce in aka yi gwanjon fili da injuna cikin gaggawa, za a samu kusan miliyan 260. Banki ya kwashi nasa, a cire kuɗin gwanjo da na lauyoyi, a biya albashi da haraji waɗanda doka ta sa a gaba, abin da zai rage wa marasa jingina bai kai kwabo 10 a kowace Naira ba.

Akantan ya gano wani abu kuma. Kamfanin yana asara a duk buhun da ya saya ya gyara ya sayar, saboda kuɗin ruwan jarin. Amma a ranakun da wasu 'yan kasuwa ke kawo nasu kayan a gyara musu su biya ladan inji, akwai riba, ga dusa da tsaki da ake sayarwa daban. Alhajin yana ɗaukar wannan aiki a matsayin na cike gurbi.

Zaɓen ƙofa, Mayu zuwa Yulin 2024

Kafin 2020, kamfanin da ya kai wannan matsayi a Najeriya kusan hanya biyu gare shi: banki ya naɗa mai karɓar kadara, ko kotu ta rushe shi. Dokar kamfanoni ta CAMA da aka sa wa hannu ranar 7 ga Agustan 2020 ta ƙara wasu ƙofofi.

Ɗaya ita ce a miƙa kamfani ga kantoma. Da zarar ya shiga, ƙararraki da ƙwace kadara suna tsayawa, wa'adinsa shekara ɗaya ne, ana iya ƙarawa. Amma ikon gudanarwa ya bar hannun daraktoci ke nan, kuma ladan kantoma daga jikin kamfanin zai fito. Alhajin ya ce a kai kasuwa. Ƙwararren ma bai matsa ba, domin 'yan kasuwar da ake so su kawo kaya a gyara Alhaji suka sani, ba za su bar wa baƙo mai kwat buhunansu ba.

Ɗayar ita ce yarjejeniyar sasanci da masu bin bashi, sashe na 434 zuwa 442 na dokar. Daraktoci suna nan a kujerarsu, su rubuta tayin yadda za su biya, su naɗa ƙwararre ya duba, shi kuma ya kai rahoto Babbar Kotun Tarayya cikin kwana 28 a kan ko tayin ya cancanci a kira taro. In taro ya amince, yarjejeniyar ta hau kan kowa, har wanda ya ƙi. Tana da giɓi biyu. Ba ta hana kowa kai ƙara kafin a yi taron, kuma ba ta taɓa haƙƙin mai jingina ko na waɗanda doka ta fifita sai da yardarsu. Ma'ana, banki na iya zuwa ya rufe ƙofa ana tsakiyar shiri.

Saboda haka aka fara da banki. Tattaunawar ta ci mako bakwai. Jami'in sashen karɓo bashi ya fi son gwanjo da farko, har sai da aka ajiye masa lissafi: injin shinkafa na hannu ba shi da masu saye a shekarar da kamfanoni da dama ke tsaye, kuma shari'ar ƙwace gida na iya cin shekaru. A ƙarshe banki ya yafe tara ta miliyan 22, ya yarda a sayar da wani sashe na filin da ba a gina ba da manyan motoci biyu a ba shi miliyan 70, sauran 123 a shimfiɗa su shekara biyar. Takardar gida kuwa ya ƙi saki.

A watan Yuli gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba. Alhajin ya ɗauka mafita ce. Da ƙa'idojin suka fito, sai mai injin da ke gyara tan 100 a yini ne zai shiga.

Taron masu bin bashi, Satumban 2024

Tayin ya ce a biya albashi da haraji cikakke, marasa jingina kuma kwabo 55 a kowace Naira cikin wata 30, miliyan 3 duk wata, a raba gwargwadon bashin kowa. Kamfanin zai daina sayen shanshera, ya koma gyara wa mutane kawai. Za a rufe layi ɗaya, a sallami ma'aikata 19. Duk kuɗin da ya shigo zai bi ta asusun da ƙwararren ke sa wa ido. Aka kuma sa sharaɗin cewa in an kasa biya wata biyu, a sake kiran taro maimakon yarjejeniyar ta rushe kai tsaye.

Rigimar da ta fi zafi ba ta kwabo 55 ba ce. Wani dattijo cikin dillalai yana da buhu 400 a siton kamfanin, da alamarsa a jiki, ba a taɓa su ba. Ya miƙe ya ce shi kayansa yake so, ya kawo hadisin da ya ce wanda ya tarar da kayansa kamar yadda suke a hannun wanda ya tsiyace, shi ya fi cancanta da su. A wajen lauya, tun da an sayar an sauke kuma babu rubutun da ya riƙe masa mallaka, shi ma mai bin bashi ne kamar kowa, kuma fifita mutum ɗaya a ɓoye na iya ba wani damar rushe yarjejeniyar a kotu. Ƙwararren ya ce to kada a yi a ɓoye: a sa maganar cikin tayin, taro ya yanke. Babu dillalin da ya iya ɗaga hannu ya ƙi, domin kowa ya san hukuncin tun yana makarantar zaure. Aka mayar masa da kayansa, bashin marasa jingina ya sauka daga miliyan 181 zuwa 165.

An ƙidaya ƙuri'a da nauyin bashi. Masu kashi 77 suka amince. Mai rance ya ƙi, tare da dillalai biyu. Doka ta ba shi kwana 28 ya ƙalubalanci sakamakon in yana ganin an zalunce shi ko an yi maguɗi. Lauyansa ya duba lissafin gwanjon, wa'adin ya wuce ba su shigar da komai ba. Daga baya ya janye ƙorafin cak ɗin.

Ladan ƙwararre da lauya da akanta da mai ƙiyasi da kuɗin kotu ya kama miliyan 14, ninki biyu na albashin da ma'aikata 34 ke bi. Ƙanin Alhajin ne ya sayar da filinsa ya biya.

Biya da tuntuɓe, Disamban 2024 zuwa Satumban 2025

Kakar farko ta yi kyau. Buhu mai kilo 50 ya tasam ma Naira 100,000 a wasu kasuwanni, kowa na son a gyara masa kaya, injin ya yi aiki dare da rana. An biya wata huɗu a jere, miliyan 12.

Daga nan farashin shinkafa ya fara sauka, kayan waje suka cika kasuwa. Waɗanda suka sayi shanshera da tsada suka ƙi gyarawa su sayar a faɗi. Kamfanin ba shi da ko buhu ɗaya nasa, don haka faɗuwar ba ta ci jarinsa ba, amma aiki ya ragu da fiye da rabi. Afrilu da Mayu ba a biya marasa jingina ba, banki kaɗai aka iya biya. Aka kira taro kamar yadda sharaɗi ya ce, suka yarda a koma miliyan ɗaya da rabi na wata huɗu, da sharaɗin a nemo mai zuba jari kafin kaka.

Yadda aka ƙare, Oktoban 2025

Wanda ya zo yana cikin 'yan sarin da ke bin kamfanin bashi. Shekara guda yana karanta rahoton wata-wata da ƙwararren ke aiko musu, ya san abin da injin ke ci da abin da yake bayarwa fiye da duk wani baƙo. Ya ba da miliyan 150 a kan kashi 60 na hannun jari. Aka ba marasa jingina miliyan 58 a dunƙule su rufe littafi, suka amince. Haɗe da 18 na baya, sun karɓi miliyan 76 cikin 165, kwabo 46 a kowace Naira. Miliyan 92 suka tafi banki, ya saki takardar gidan.

Kamfanin yana aiki da ma'aikata 15 da layi ɗaya. Alhajin da ƙaninsa suna da kashi 40. Shi ne manajan masana'anta, amma cak ba ya fita sai da sa hannun sabon mai kamfani.

Awon lamarin

Sulhun kasuwa da yarjejeniyar kotu kusan abu ɗaya suka nema daga dillalai, wato haƙuri. Na farko ya watse saboda kowa na tsoron wani zai riga shi, kuma babu mai ganin aljihun Alhaji. Na biyu ya tsaya saboda lissafi a buɗe yake, kuɗi na bin hannu ɗaya, wanda ya ƙi ma an ɗaure shi. Wannan shi ne iyakar abin da doka ta bayar a nan. Ba ta tsare kamfanin daga banki ba ko na kwana ɗaya. Da jami'in bankin ya dage a kan gwanjo, da sashe na 434 bai hana shi ba.

Abin da ya raya kamfanin, a ganina, mako biyar ɗin akanta ne. Shi ya nuna akwai sana'a mai riba a cikin mai asara. Da babu ita, da duk wani tsari jinkirta gwanjo kawai zai yi, da ƙarin ladan lauyoyi a kai. Sharaɗin sake kiran taro shi ma ya yi rana a watan Mayu.

Jinkiri ya ci kuɗi. Da an zauna da banki a Oktoban 2023, babu miliyan 30 na mai rance, bashin dillalai bai kai rabin abin da ya kai ba, gonar gado tana nan. Kunya ce ta hana, kuma duk wanda ya san Dawanau ya san nauyin a ce wane ya karye.

Sai maganar wanda ya ɗauki asarar. Banki ya rasa tara kawai. Dillalai sun rasa fiye da rabi a rubuce, a zahiri kuma fiye da haka, domin kuɗin 2023 aka biya su da Nairar 2025, bayan hauhawar farashin da ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024. Kwabo 46 ya fi kwabo 10, amma ƙaramin cikinsu, mai bin miliyan 4, jarinsa ke nan gaba ɗaya. Ya bar harkar shanshera tun kafin a fara biya.

Kamfanin nan yana da miliyan 14 na shiga ƙofar, kuma yana da rajistar da ta ba shi damar shiga. Yawancin masu injin da ke kewaye da shi a Kura sunan kasuwanci kawai suka yi wa rajista, wasu ma babu komai, kuma wannan babi na CAMA kamfanoni ya shafa. Bashinsu a wuyansu yake kai tsaye, tsohuwar dokar fatarar mutum ɗaya ta 1979 ce tasu, wadda da wuya ka ji an yi aiki da ita. Amurka ta ware wa ƙananan 'yan kasuwa gajeriyar hanya mai rahusa a Fabrairun 2020. A maƙwabciyarmu Nijar, dokar OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, wadda aka sabunta a 2015, ta tanadi sauƙaƙƙen tsari ga sana'ar da ma'aikatanta ba su wuce 20 ba kuma cinikinta bai wuce sefa miliyan 50 a shekara ba, ko da ta mutum ɗaya ce. A Najeriya mai injin tan 20 da mai masana'antar biliyoyi ƙwararre iri ɗaya za su ɗauka, su je kotu ɗaya, su cika takardu iri ɗaya.